Cire agogon zafin iska a sa na zafin baƙin mai: nazari kan babur Harley samfurin 2009

Duk wanda ya taɓa zama a kan babban babur ɗin Harley-Davidson na doguwar tafiya, irin Electra Glide ko Street Glide da aka ƙera kafin 2014, ya san abin da ke gaban idonsa. Wata faffaɗar garkuwar iska ce, wadda mahaya a Amurka ke kira fiffiken jemage saboda siffarta, kuma tun 1969 take tare da samfurin Electra Glide. A cikinta akwai manyan agogo biyu, na gudu da na juyawar inji, sai ƙanana huɗu masu faɗin inci biyu-biyu: na fetur, na batir, na ƙarfin bugun baƙin mai, da na zafin iskar waje. Ukun farko ba wanda ke jayayya da amfaninsu. Na huɗun ne mahaya da yawa suka daɗe suna cirewa su cusa agogon zafin baƙin mai a gurbinsa, har kamfanin da kansa ya riƙa sayar da agogon da ya dace da ramin, mai fuska iri ɗaya da sauran.

Lamarin da za mu duba ɗaya ne. Babur Street Glide ne na 2009, mai injin Twin Cam 96, cc 1,584, giya shida, nauyinsa ya haura kilo 350, kuma ana hawansa a birnin Phoenix na jihar Arizona. Na zaɓi wannan samfurin ne domin injinsa iska kaɗai ke sanyaya shi, ba lagireto, ba ruwa, kuma daga masana'anta bai zo da na'urar sanyaya baƙin mai ba. Garin kuwa na zaɓe shi saboda zafinsa. A ranar 26 ga Yuni 1990 ma'auni ya kai digiri 50 na Salshiyas a can, kuma a bazarar 2023 an yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba sai an yi masa bayanin irin wannan rana ba. Mai wannan babur yana son sanin halin da injinsa ke ciki, kuma rami ɗaya ne kawai zai iya sadaukarwa a fuskar babur ɗin.

Ƙorafin da ake yi wa agogon iska

Na'urar da ke jin zafin iskar tana ɓoye ne a cikin garkuwar, inda iskar hanya ba ta ratsa ta sosai. Rana na dukan garkuwar daga sama, zafin inji na tasowa daga ƙasa, musamman idan an tsaya a danja ko an shiga gosulo. Sai allurar ta haura abin da yake na gaskiya, kuma idan aka kama hanya ta ɗauki lokaci kafin ta sauko. Wannan shi ne ƙorafin da aka fi ji daga bakin mahaya. Amma ko da agogon daidai yake aunawa, tambayar da ta fi damuna ita ce me mutum zai yi da labarin. Wanda ke kan babur a cikin iskar yake zaune, jiki magayi. Idan agogo ya ce masa ana digiri 44, bai ƙara masa komai a kan abin da wuyansa da bayan hannunsa suka riga suka faɗa masa ba.

Sai dai a yi wa agogon adalci. Akwai inda yake da rana. Mahayin da ke Wisconsin, jihar da kamfanin ya samo asali a birnin Milwaukee a 1903, ko wanda ke hawan duwatsun Colorado da asuba, yana buƙatar sanin lokacin da sanyi ya kusa digiri sifili, domin a nan ne ƙanƙara ke kwanciya a kan kwalta, kuma gada ta kan riga sauran hanya daskarewa. Jikin da ke cikin rigar fata da safar hannu ba ya bambance digiri biyar da digiri ɗaya. Ga irin wannan mutum, cire agogon asara ce, gara ya gyara wa na'urar mazauni. A tsakiyar Phoenix kuwa wannan hujjar ba ta da ƙarfi.

Wani abin da ke tsorata masu son yin canjin shi ne ko kwamfutar inji tana dogara da wannan na'ura. A wannan samfurin ba ta dogara da ita. Kwamfutar tana da tata na'urar daban a hanyar shigar iska cikin inji, da wata a kan silindar gaba mai auna zafin ƙarfen. Ta cikin garkuwa agogon kawai take yi wa aiki, don haka cire ta ba ya taɓa yadda injin ke shan mai.

Aikin baƙin mai a wannan inji

Silinda biyu ne a tsaye kamar harafin V, kusurwar digiri 45 tsakaninsu, ɗaya a bayan ɗaya. Ta gaba ce ke fara karɓar iska, ta baya sai abin da ya rage, wanda ya riga ya yi ɗumi. Ƙari a kan haka, dokokin rage hayaƙi sun sa ana ba injin fetur daidai wa daida, kusan kashi ɗaya na fetur ga kashi 14.7 na iska a yawancin tafiya, kuma cakuɗin da ba fetur da yawa a cikinsa ya fi barin inji da zafi. Tun 2007 manyan baburan nan ke ɗauke da na'urorin shinshinar hayaƙi a salansa don tsare wannan ma'auni.

A irin wannan inji baƙin mai aiki biyu yake yi. Yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma kwashe zafi. A cikin Twin Cam akwai ƙananan bututu da ke fesa mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Man ba ya kwana a gindin inji kamar na yawancin motoci. Ma'ajiyarsa wani kasko ne na alminiyam a ƙarƙashin akwatin giya, mai cin kusan lita 3.8. Famfo ya zuƙo shi daga kaskon, ya bi ta filta, ya zagaya injin, sannan ɗaya ɓangaren famfon ya kwashe shi ya mayar kasko. Duk zagayen da ya yi da zafin da ya ɗebo yake dawowa. Saboda haka zafin man yana ba da labarin nauyin da injin ya ɗauka a cikin rabin sa'ar da ta wuce, labarin da fata ba za ta iya ba mahayi ba.

Littafin gyara na kamfanin ya sa digiri 110 na Salshiyas, wato 230 na Faranhait, a matsayin zafin aiki na yau da kullum, kuma a wannan zafi ne ya ce ƙarfin bugun mai ya kasance tsakanin 30 da 38 a ma'aunin psi idan inji na juyi 2,000 a minti. Wannan lamba tana da muhimmanci, domin wanda ya saba da mota yana ganin allura ta wuce 100 sai gabansa ya faɗi, alhali a nan ba ruwa ake aunawa ba. Hasali ma ana son man ya yi zafi har ya kori danshin da ke taruwa a cikinsa. Babur ɗin da kullum gajeriyar tafiya yake yi a lokacin sanyi, man bai taɓa yin zafi sosai ba, shi ne za ka buɗe murfin ka ga wani farin kumfa kamar madara. Ta ɗaya gefen kuma, masana mai suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan: duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. Man da zai yi kilomita 8,000 lafiya a digiri 110, wanda shi ne tazarar juye da kamfanin ya tsara, ba zai kai haka da ƙarfinsa ba idan kullum a 130 yake wuni. Man roba, wato wanda aka haɗa a masana'anta, ya fi man gargajiya jure wannan.

Aikin sama, wato canza agogon a cikin garkuwar, ba shi da wuya. A cire babban fiyus ko a kwance batir tukuna. A shimfiɗa tsumma a kan madigadin gaba don kada fenti ya karce. Kusoshi uku ne ke riƙe gilashi, huɗu kuma ta ciki, masu kan tauraro, kuma a yi amfani da makulli mai lamba T27, domin na ƙasa da shi yana shiga amma yana cinye kan kusar. Fuskar garkuwar ta fito, a zare wayar fitila, a ajiye ta gefe. Noti biyu ne da ɗan ƙarfe ke riƙe tsohon agogon ta baya. A fitar da shi, a sa sabon, a mayar masa da ƙwan haskensa, a ba shi wuta da at, wato haɗinsa da ƙarfen jikin babur. Wanda hannunsa ya saba, wannan ba zai ci masa sa'a guda ba.

Inda za a dasa na'urar

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane biyu masu babur iri ɗaya da agogo iri ɗaya za su yi ta musu a kan lambobin da ba za su taɓa haɗuwa ba. Man da ke zagaya injin ba zafi ɗaya gare shi a ko'ina ba. Wanda ya fito daga inji yanzu ya fi wanda ya zauna a kasko zafi, wanda kuma ya ratsa na'urar sanyayawa ya fi su duka sanyi. Agogo ba ya faɗin zafin mai gaba ɗaya, zafin wurin da bakin na'urar ke taɓawa kawai yake faɗi.

A samfuran 1999 zuwa 2006 akwai tiyo a waje tsakanin inji da kasko, sai a yanka tiyon a sa mahaɗi a ɗaura na'urar a jiki. Matsalar wannan ita ce mahaɗin yana fili, iskar hanya na bugunsa, kuma sau da yawa bakin na'urar bai nutse cikin man sosai ba, sai agogo ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Daga 2007 aka mayar da hanyoyin man ta cikin ƙarfe, tiyon ya ɓace. Don haka a babur ɗinmu na 2009 zaɓi biyu ya rage: ko a sa mahaɗi a wajen mazaunin filta, ko a dasa na'urar a jikin kaskon.

Ni kasko na zaɓa wa wannan babur, kuma ga dalilina. A can ne mafi yawan man yake, bakin na'urar na nutse a ciki koyaushe, iska ba ta wasa da shi, kuma shi ne man da famfo zai zuƙa ya aika wa inji. Sannan akwai hanyar tantancewa, domin ta bakin da ake zuba mai za a iya zura wani ma'aunin a kwatanta, tunda tafki ɗaya suke aunawa. Wajen filta yana da nasa amfanin ga wanda ya riga ya sa na'urar sanyaya mai kuma yake son ganin aikinta, amma dole ya san ko kafin sanyayawa na'urarsa take ko bayanta, in ba haka ba lambar ba ta da fassara.

A gaban kaskon akwai noti na juye mai, kusa da shi kuma akwai wani toshe mai rami a ka wanda ba a taɓa shi a juye na yau da kullum. Wannan toshen ake cirewa. Ramin ya fi na'urar faɗi, sai an sa ɗan mahaɗi mai zare biyu. Abin da ya kamata shi ne a haɗa aikin da ranar juye, tunda dole man ya fita. A nan ake yin kurakuran da ke mayar da ƙaramin aiki babba. Akwatin giya yana da nasa notin juyewa a ƙarƙashin wannan kaskon, kuma wanda bai duba da kyau ba zai iya zubar da man giya yana zaton na inji ne. Na biyu, zaren toshen irin na bututun famfo ne, mai ƙara kauri yayin da yake shiga, kamar tsinken da ake turawa cikin itace. Kaskon kuwa alminiyam ne. Wanda ya ce bari ya ƙara ɗaurewa kaɗan don kada ya yi yoyo, yana iya tsaga kaskon, garin neman ƙiba ya samo rama, domin canza kasko a wannan babur aiki ne na wuni. A shafa maganin toshe zare, a ɗaure da hannu, a ƙara da sifana daidai gwargwado, a tsaya. Notin juye kansa littafin ya ce a ɗaure shi tsakanin 19 da 28 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, ba a wuce.

Na uku ya shafi wuta. Na'urar wani ɗan abu ne da tirjiyarsa ga lantarki ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa, agogon kuma wannan tirjiyar yake fassarawa zuwa digiri. Kowane agogo da irin na'urar da aka auna shi da ita. Idan aka haɗa agogon wani kamfani da na'urar wani, allura za ta motsa, amma ƙarya za ta riƙa yi. Idan na'urar mai waya ɗaya ce, ta jikin zarenta take samun at, kuma wanda ya naɗe zaren da farin tef ɗin masu gyaran famfo har ya yi kauri ya yanke mata hanya. Sai allura ta kwanta ƙasa ko ta riƙa rawa, a zargi agogo ba laifinsa. Ita kuma wayar da za ta tashi daga kasko zuwa garkuwa, a bi da ita jikin firam, a ɗaure ta tazara-tazara, a nisanta ta da salansa, a bar mata ɗan sassauci a wuyan babur don juya kai. Wayar da ta narke ta taɓa ƙarfe takan tura allura ƙarshen agogo, mahayi ya tsaya a gefen hanya hankali a tashe alhali injinsa ƙalau yake.

Kafin a dasa na'urar akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, kuma ina mamakin yadda ake tsallake shi. A haɗa ta da agogon, a tsoma bakinta cikin ruwan da ke tafasa. Ya kamata allura ta tsaya wajen 100, ko 212 a agogon Faranhait irin na Amurka. Phoenix ba ta da tudu sosai, bambancin tafasar ruwa a can kusan digiri ɗaya ne kawai na Salshiyas. Idan agogon ya kauce da digiri biyar, an san da haka tun yau, sai a riƙa lissafi da shi.

Karanta allurar

An gama, an zuba sabon mai, an tayar da inji, ba yoyo. Abin da zai fara ba mai babur mamaki shi ne allurar ba za ta motsa ba na tsawon lokaci. Kan silinda yana ɗaukar zafi cikin mintuna kaɗan, amma lita kusan huɗu na mai sai an yi tafiyar minti ashirin ko talatin kafin su daidaita. Wannan jinkiri yana nan a hawa, yana nan a sauka, kuma shi ne iyakar abin da agogon zai iya yi. A gosulo, inda iska ta tsaya, kan silindar baya na iya yin zafi ƙwarai kafin man kasko ya nuna alama. Don irin wannan ne kamfanin ya sa wani tsari da ke yanke wa silindar baya fetur idan babur na tsaye a silo kuma inji ya yi zafi, ta koma tana bugun iska kawai tana huce kanta. Tsarin da zafin kan silinda yake aiki, ba ruwansa da agogon da aka sa. Mahayin da ya ji ƙarar injinsa ta canza a danja, ya duba agogon mai ya ga 110, kada ya ce ɗayansu ya yi kuskure. Abu biyu daban suke aunawa.

Amfanin agogon yana fitowa ne bayan makonni, lokacin da mai babur ya san inda allurarsa ta saba zama: a babbar hanya da safe, a babbar hanya da azahar, da fasinja da kaya a hawan dutse zuwa garin Flagstaff, a cikin gari da yamma. Da zarar ya san waɗannan, ranar da allura ta haura wurin zamanta a hanyar da ya saba kuma a yanayin da ya saba, ya samu dalilin duba yawan mai, ko laka ta toshe fiffiken silinda, ko iska na satar shiga ta wajen bututun shan mai, ko birki na kamawa. Kuma yanzu agogon da ke maƙwabtaka da shi, wato na ƙarfin bugun mai, ya samu abokin fassara. Twin Cam ya shahara da saukar ƙarfin bugun mai a silo idan ya yi zafi, domin mai ya tsinke. Ƙarfin bugu ya yi ƙasa alhali mai na kan digiri 120 abu ne da ake tsammani. Ƙarfin bugu ya yi ƙasa alhali mai na kan digiri 80 kuma inji na juyi sosai, wannan na zuwa gareji ne a ranar.

Akwai kuma wanda agogon ke zame wa damuwa. Babur ɗin da ya yi shekaru yana kai shi ko'ina, yanzu yana tuƙi ido na kan allura, kowane digiri biyar na tayar masa da hankali. Ina ɗaukar wannan da gaske, domin idon da ke kan agogo ba ya kan hanya, kuma a kan babur daƙiƙa biyu sun isa. Maganinsa shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci tun a gida. A nawa ganin, ga wannan inji da na'ura a kasko, daga 90 zuwa 120 ba abin kallo ba ne. Idan ta zauna sama da 120 a yawancin tafiyar bazara, lokacin sa na'urar sanyaya mai ya yi, a koma man roba, a kuma rage tazarar juye. Idan ta doshi 140 tana ci gaba da hawa, a nemi hanyar da iska za ta bugi injin, in babu a samu inuwa a kashe shi. Game da kaurin mai, littafin mai babur ya amince da 20W50 daga digiri 4 zuwa sama, ya kuma ba da damar SAE 60 inda zafin gari ba ya sauka ƙasa da 27. A tuna kuma na'urar sanyaya mai ita ma iska take jira. Idan babur na tsaye ba ta yin wani abin kirki sai in mai fanka ce.

Wannan magana ba ta da nisa da mu kamar yadda sunan babur ɗin ke nunawa. Boxer da Jincheng da ke cika titunanmu su ma iska ke sanyaya su, man da ke cikinsu kusan lita ɗaya ne kacal, kuma a watan Afrilu suna wuni da kaya a rana ba tare da agogon da zai faɗi halin man ba. Lissafin digiri goma ɗin nan yana aiki a kansu kamar yadda yake aiki a Arizona, shi ya sa ɗan acaɓar da ke yawaita juye a bazara yake da gaskiya ko bai san dalilin a lambobi ba.

Ga Street Glide ɗin 2009 a Phoenix, hukuncina shi ne a yi canjin, na'ura a kasko, a gwada ta a tafasasshen ruwa, a haɗa da ranar juye. Wanda ba ya son taɓa waya ko kasko yana da hanya mai sauƙi, wato murfin mai da ke ɗauke da ma'aunin zafi a jikin sandar awo, sai dai ba a karanta shi sai an tsaya an sunkuya, ga shi kusa da salansa mai zafi. Masu samfurin 2014 zuwa sama wannan aiki bai shafe su ba ta wannan siga, domin a shekarar aka sake fasalin garkuwar, ƙananan agogo suka ragu zuwa biyu, zafin iska ya koma cikin allon rediyo, wasu samfuran kuma suka samu ruwan sanyaya kan silinda. Tsohon agogon iskar da aka cire, a naɗe shi tare da na'urarsa a ajiye, a rufe bakin wayarsa da ke cikin garkuwa da tef don kada ya taɓa ƙarfe, domin mai sayen babur ɗin nan gaba yana iya zama mutumin Wisconsin.